Yini Guda a Badagiri, Bakin Teku

 

Yawancinmu nan Gusau da Tsafe da Bunguɗu a bakin mutane muke jin teku, ko mu gan shi a hoto, ko a shuɗin nan da ke jikin taswira. Babban ruwan da muka sani shi ne gulbin da ya biyo ta Gusau ya wuce Bunguɗu, wanda da damina yakan cika ya batse, da rani kuwa yara su yi ta wasa cikin yashinsa. To, ko kun san inda ruwan nan namu ya nufa? Daga wajen Funtuwa ya taso. In ya bar mu sai ya faɗa madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, ya fita ya gamu da gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, sa'an nan ya zuba cikin Kwara. Kwara ta ɗauke shi ta Yawuri da Jabba da Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da ita, har can kudu inda ta rarrabu rassa rassa ta shiga teku. Watau ruwan da kika wanke kwanoninki da shi a bakin gulbi ya riga ki zuwa can.

Ni dai Allah ya nufa na je na ga tekun nan da idona a hutun ƙarshen shekara, a wani ɗan gari da ake kira Badagiri. Na ga ya kamata in ba ku labari, don na samo abin mamaki, na samo abin dariya, na kuma samo abin da ya hana ni barci.

Yadda muka tashi

Biki ne ya kai mu Ikko, watau Legas. Kawuna, mutumin Tsafe ne, ya daɗe yana cinikin goro a Agege, shi ne ya aurar da 'yarsa. Agege kuwa, in ba don zafi da gumi ba, sai ki ce kina Arewa. Tun zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano fataken goro ke sauka can, har suka kafa zango, suka yi 'ya'ya da jikoki. Ga masallatai, ga masu tsire, ga masu fura, ko'ina Hausa kike ji.

Da aka gama biki, saura kwana biyu mu komo, sai ƙanwata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta ce, "Kawu, yanzu sai mu koma Gusau ba mu ga teku ba? Me zan gaya wa 'yan ajinmu?" Kawu ya yi dariya ya ce shi kansa shekarunsa da yawa a Ikko, amma bai fi sau biyu ya taka bakin teku ba, kasuwa ba ta bari. Ya ce in dai za a je, to a je Badagiri, inda za a ga ruwa a kuma ga tarihi.

Goggonmu ta Bunguɗu ta ce ita fa ba ta zuwa. Ta ce, "Mi zan yi da ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi?" Aka yi ta lallashinta. Da ta ga jikokinta biyu sun ɗaura aniya, sai ta ce za ta je don ta riƙe musu hannu, kada mu masu boko mu shagala da kallo ruwa ya kwashe su.

Matar Kawu ta tashi tun kafin assalatu ta yi dafa-duka ta zuba cikin kula, muka haɗa da dambun naman da ya saura na biki, da ƙuli-ƙuli, da zoɓo mai sanyi, da ruwan sha. Muka ɗauki tabarmi biyu da buta. Muna idar da sallar asuba muka shiga motar da Kawu ya yi shata, mu bakwai har da shi.

Badagiri tana yamma da Ikko, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Daga Agege muka bi ta Iyana Ifaja da Igando, muka fito babbar hanya kusa da jami'ar jihar Legas, muka miƙe ta Agbara, inda ma'aikatu suke jere. Tafiyar ba ta kai daga Gusau zuwa Funtuwa ba, amma cunkoson motoci ya sa ta yi tsawo. Akwai kuma shingayen ma'aikata da yawa, saboda hanyar kan iyaka ce, don haka duk mai zuwa ya riƙe katin shaidarsa. Muna matsawa gaba gidaje suna raguwa, itatuwan kwakwa suna ƙaruwa, dogaye siraran nan masu tukku a ka, irin giginyarmu amma sun fi ta lanƙwasa. Da hantsi muka shiga gari.

Garin da benensa

Badagiri gari ne mai natsuwa, ba hayaniyar Ikko. Mutanensa na asali ana ce da su Egun, harshensu dabam da Yarabanci, danginsu suna can Benin. Sarautar sarkinsu Akran ake kiranta. Sana'arsu su da noman kwakwa da saƙar tabarmi. Garin yana bakin wani miƙaƙƙen tafki ne mai kama da kogi, tekun kansa kuwa yana bayan wani siririn tsibiri na yashi da ke tsallaken tafkin. Saboda haka in kin iso ba za ki ga teku nan da nan ba, sai dai ki ji iska mai danshi da ƙarnin kifi.

A titin bakin tafkin aka fara kai mu wani farin bene mai rufin kwano da matakalar katako. 'Yan mishan ne suka gina shi, aka gama a 1845. Mai yi mana jagora ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Na ce masa, "Malam, na farko dai irin ginin Turawa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, magina kuwa a Kano da Zariya suna ɗora soro bisa soro tun Bature bai san hanyar Kwara ba." Mutumin kirki ne, ya yi murmushi ya ce ba ni ce ta farko daga Arewa da ta faɗa masa haka ba. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: in kun ji an ce abu kaza shi ne na farko, ku tambaya, na farko a wajen wa?

Amma akwai abin da ba mai yi wa Badagiri gardama a kansa. Nan 'yan mishan suka yi wa'azinsu a 1842, ƙarƙashin wata babbar itaciya da ake kira Agiya, wadda iska ta kayar a 1959, aka yi ɗan gini a gurbinta. Nan kuma aka buɗe makarantar boko a 1843. Mu a Arewa sai 1909 Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano. Ku lissafa, shekara 66 ke nan tsakani. Wannan tazara ita ce har yau muke gudu muna son mu cike. Ba wai duhun kai muke ciki a lokacin ba. Sa'ad da ake buɗe makarantar Badagiri, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye, tana tura jajis ɗinta ƙauyuka suna koya wa mata addini da tsabta da zaman gida. Karatun mata gadonmu ne. Wadda ta cire 'yarta daga makaranta ta ce al'ada ce, to ta sake bincika al'adar.

Wani abin da ya haɗa mu da garin nan shi ne labarin Baturen nan Kyaftin Clapperton. Daga Badagiri ya tashi a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Nufe ya isa Kano, daga nan ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Can ciwo ya kama shi ya mutu a watan Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri da takardunsa. A 1830 Lander ya sake dawowa da ƙanensa, suka tashi daga nan suka je Busa da Yawuri, suka bi Kwara cikin kwalekwale har suka fita teku. Su ne suka tabbatar wa mutanen Turai inda Kwara ta ƙare, abin da suka daɗe suna gardama a kai. Tafiyar da Clapperton ya yi wata da watanni yana yi, yanzu gwamnati ta fara gina mata hanyar mota tun 2024, daga Illela ta Sakkwato har Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068.

Ɗakunan bayi

Daga nan aka kai mu inda dariya ta ƙare. Badagiri ta yi suna ne da cinikin bayi. Turawa sukan tsaya da jiragensu a teku, dillalai na ƙasa su kawo musu mutane daga cikin ƙasa. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga gaɓar Afirka zuwa ƙasashen Amurka cikin shekaru fiye da 300. Badagiri ɗaya ce daga cikin tashoshin.

Mun shiga gidan wani attajiri da ake kira Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919. Seriki ɗin nan kalmarmu ce ta Sarki, bakin Yarabawa ya juya ta. Labarinsa abin tunani ne. Shi kansa tun yana yaro aka kama shi aka sayar, ya yi bauta, aka kai shi Barazil, ya komo, sa'an nan ya shiga cinikin da aka yi da shi. A gidan akwai ɗakuna jere, kowanne bai kai madafinki girma ba, da 'yar taga guda can sama wadda ko kan yaro ba ya shiga. Jagora ya ce ɗaki 40 ne a da, kowanne akan cusa mutum 40 a ciki, su yi makonni suna jiran jirgi. Ya ce mu shiga mu bakwai ya turo ƙofa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙaramin jikan Goggo ya fasa kuka, ni ma numfashina ya fara sarƙewa.

Aka nuna mana sarƙoƙi da mari. Akwai na wuya, mai nauyin da na kasa ɗagawa da hannu ɗaya. Akwai na ƙafa, akwai wani ƙarfe da akan ɗinke wa mutum leɓɓa da shi. Akwai ƙanana, na yara. Aka nuna mana wata tsohuwar laima, jagora ya ce mutum 40 aka bayar aka karɓe ta.

Kada ku ce wannan labarin mutanen kudu ne. Cikin waɗanda aka sayar a gaɓar nan akwai Hausawa da yawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙe ko a kan hanyar fatauci aka yi ta miƙa su hannu hannu har bakin ruwa. A Bahiya ta ƙasar Barazil bayi Hausawa sun yi yunƙurin tawaye a 1807, suka sake a 1814. A 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka yi babban bore a birnin, aka same su da layu da rubutun Arabiyya a jikinsu. Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi a 1807, sarakunan Badagiri suka sa hannu a kan yarjejeniyar bari a 1852, Barazil kuwa ba ta 'yanta bayinta ba sai 1888. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma a ƙasar Hausa an yi bauta, an kama an sayar, ba a soke ta ƙaƙaf a doka ba sai 1936.

Goggo ba ta ce uffan ba tun da muka shiga. Da muka fito tsakar gida sai ta zauna bisa wani dakali, ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ai bai ƙare ba. Mi ar rabkinai da abin da aka yi muna can gida? A zo da dare a kwashe mutane, a ɗaure su daji, a sa musu kuɗi kamar awaki." Ba wanda ya amsa mata, don ba wanda bai san wani da aka ɗauka ba. Dukanmu mun tuna 'yan matan makarantar Jangebe su 279 da aka kwashe ran 26 ga Fabrairu 2021, Allah ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki. Mun tuna waɗanda aka tare a hanya, da waɗanda aka ɗauka a gona, da gidajen da aka sayar da shanu da hatsi don biyan fansa.

Abin da na gane a ɗakin nan shi ne, Bature bai shiga daji ya kama kowa ba. Yana cikin jirginsa, na gida ne ya san hanya, ya san wanda za a kama, ya kawo. Yau ma haka ne. Ɗan bindiga bai san wanda ya sayar da amfanin gonarsa jiya ba, sai wani na cikin gari ya gaya masa. To, mu mata mu ne muka san abin da ke shiga gida. In ɗanki ko ƙanenki ya fara shigowa da kuɗi da sabon babur, ba sana'a ba gona, kada ki yi guɗa, ki zaunar da shi ki tambaye shi. Laimar nan da aka ba da mutum 40 dominta, wata mace ce ta yi murna ran da aka shigo da ita gida.

Ƙetare tafki

Bayan mun yi azahar a wani masallaci cikin gari, muka gangara mashigi. Jirgin katako ne mai inji yake ƙetarar da mutane zuwa tsibirin da ake kira Gberefu. Aka ba kowa rigar nan mai hana nutsewa. Goggo ta ce ita ba ta sa rigar maza bisa mayafinta. Mai jirgi ya ce in ba ta sa ba, ba ya tashi. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Da masu jirage a gulaben ƙasarmu suna yin haka, kuma ba sa lodin da ya wuce kima, da ba mu yi irin rashin da muka yi a Gummi a watan Satumba 2024 ba, sa'ad da jirgi ya kife da manoma. Goggo dai ta sa, ta runtse ido, tana ta salati har muka kai gaci. Ƙetarewar 'yan mintoci ce.

Daga nan sai tafiyar ƙasa cikin yashi, kamar ta rabin sa'a in da yara. Ita ce hanyar da bayi suka bi. A tsakiya akwai wata rijiya da aka kewaye. Mutanen wurin suna cewa akan tilasta wa bayi su sha ruwanta, wai an yi mata asiri, wanda ya sha sai ya manta gida. Ni dai na ce a raina, wanda aka raba da uwarsa ba rijiyar da za ta mantar da shi. Waɗanda suka yi bore a Bahiya ai ba su manta salla ba.

Tun kafin mu ga komai muka fara jin wata ƙara, kamar hadari na tasowa daga gabas, amma ba ta yankewa. Yara suka riƙe zanen Goggo. Muka wuce wani dogon gini da aka yi don tunawa, wurin da suke kira inda ba a komowa, muka hau ɗan tudun yashi. Sai ga shi.

Teku

'Yan'uwa, gani ya kori ji. Na sha zana tekun Atilantika a allo ina gaya wa yara cewa ruwa ya rufe fiye da kashi 70 cikin 100 na duniya, amma faɗi dabam, tsayuwa a gabansa dabam. Ba tsallake. Ki duba har idonki ya gaji, ruwa ne ya haɗu da sama. Igiyar ruwa takan taso daga nesa kamar katanga, ta naɗo, ta fashe da fari fat kamar an zubar da ƙwaryar nono, ta shimfiɗo bisa yashi har ƙafafunki, sa'an nan ta koma. Kafin ta gama komawa wata ta taso. Haka yake yi dare da rana tun da Allah ya halicce shi.

Goggo ta tsaya ta riƙe baki. Ta ce, "Wanga ruwa ina iyakatai?" Ƙanwata ta ce, "Goggo, in kika miƙe kudu sak daga nan, ba ƙasa sai ƙanƙarar ƙarshen duniya. In kika karkata yamma, sai Barazil." Goggo ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ta duƙa ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce an zuba gishiri ya yi yawa, mai miyar nan ba ta iya ba. Muka yi ta dariya, har Kawu.

Ga dalilin gishirin, don 'yan makaranta. Ruwan sama in ya bi ta kan duwatsu da ƙasa yakan narkar da ɗan gishiri kaɗan wanda harshe ba ya ji, koguna su kai shi teku. Rana takan ɗebe ruwan ya tashi sama ya zama girgije, gishirin kuwa ya zauna. Shekaru aru-aru ana haka, har ya zama kowace lita guda ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35, watau kamar cokali biyu na cin abinci. Girgijen da ya tashi kuwa, iskar da ke busowa daga kudu maso yamma ita ke turo shi Arewa. Ita ce iskar da mukan ji da bazara mu ce damina ta kusa. Ashe ruwan da ke sauka a gonakin gero da dawa na Tsafe daga tekun nan ya taso, kuma gulbinmu ya maido masa da shi. Bashi ne ake ci ana biya kowace shekara.

Wani abin kuma, tekun yakan cika ya matso, ya kuma janye, sau biyu a yini da kwana. Wata ne ke jan ruwan. Mun shimfiɗa tabarmi nesa da ruwa, kafin mu gama cin dafa-duka sai da muka ja su baya.

Yara suka yi ta bin ƙaguwa, ƙananan nan masu launin yashi, suna gudu a karkace suna faɗawa rami. Suka tsinto bawon katantanwar ruwa iri iri. Goggo ta ga wani ƙarami ta ce ya yi kama da wuri, ta ba mu labarin kakarta da ke ƙirga kuɗin wuri a kasuwa. Na gaya mata ainihin wurin da aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kawo shi, kuma da yawansa ta irin waɗannan tashoshi ya shigo, a jiragen da suka fita da mutane. Ta ajiye shi ta goge hannu.

Wani yaro ya hau kwakwa kamar biri ya sassaro mana ɗanyu, ya fasa kan da adda. Ruwan ciki garai garai, da ɗan zaƙi, naman kuwa laushi kamar kindirmo, ba irin busasshiyar kwakwar attagara da ke zuwa mana kasuwar Gusau ba. Masunta suna gefe guda suna jan wata doguwar koma, su fi goma, suna waƙa da harshensu, matansu na jira da kwanduna. Su matan ne ke sayen kifin, su ƙyafe, su kai kasuwa, kuɗin kuwa nasu ne. Da la'asar ta yi muka yi alwala da ruwan tekun, don malamai sun tabbatar mai tsarki ne, muka fuskanci alƙibla, teku na hannun damanmu. Muka koma jirgi tun rana ba ta faɗi ba, muka isa Agege bayan isha'i, yara duk sun yi barci da bawon katantanwa a aljihu.

Ga mai niyyar zuwa

Da yawa cikinku kuna da dangi a Agege ko Mil Sha Biyu ko Idi Araba, biki ko suna yakan kai ku. In kun je ku roƙi maigida ya ware yini guda. Ku tashi da asuba, ku komo da haske. Ku tafi da abincinku da ruwan sha, na teku ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta yake yi. Ku yi ciniki da mai jirgi da jagora tun kafin ku fara, ku sa rigar ruwa ko da kun iya iyo. Ku sa takalmin roba da zane mai kauri, don iska ba ta jin kunyar kowa. Babban gargaɗina shi ne, kada ku bar yaro ya shiga ruwa ya wuce idon sawu, kuma hannunsa na cikin naku. Igiyar da ke komawa ta fi mai zuwa haɗari, tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki. Wanda ya iya iyo a gulbin Bunguɗu bai iya na teku ba.

Wadda kuma Allah bai nufe ta da zuwa ba, kada ta ce ba ta da abin nuna wa 'ya'yanta. Yara da yawa an haife su a Gusau sun girma ba su taɓa tsayawa gindin dutsen Kwatarkwashi ba, ba su san 'Yandoto ta ƙasar Tsafe tsohon garin malamai ba ce, saboda tsoron hanya ya kulle mu cikin gida. Kafin Allah ya kawo mana sauƙi, ki ba su labarin da baki, ki sa 'yarki ta ɗauko taswirarta ta makaranta ku bi gulbinmu da yatsa tun daga Funtuwa har teku. Ran da hanya ta yi kyau kuwa, a ɗauki tabarma da kula a kai su su gani.

Ina so in ji daga gare ku. Wadda ta taɓa zuwa wani wuri mai abin koyo, kusa ko nesa, ta rubuto mana, za mu buga a wannan fili. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama, Gusau